Gujiya Ba Ta da Laifi

Ɗan fari ne, saboda haka ba za a ji sunansa daga bakina ba, ko a kan takarda. "Yaron nan" nake ce masa tun yana zanin goyo, yanzu ma da ya kere ni tsawo ban ga dalilin sauyawa ba. Ita kuwa kakarsa, mahaifiyar maigidana, "mijina" take ce masa, irin wasan nan na kaka da jika. Tsakanin "yaron nan" da "mijina" aka daɗe ana ja-in-ja a kansa, ba mai ɗaga murya, kowa na murmushi, kowa na zargin ɗan'uwansa.

A Zariya aka haife shi, garinmu, lokacin maigida yana aiki a can. Ranar da aka fara ba shi kunun gyaɗa, wajen yaye, bai sha rabin ludayi ba leɓɓansa suka kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu da borin jini, ya dinga kwara amai. Muka kwashe shi sai asibiti. Likita ya ce jikinsa ne ba ya karɓar gyaɗa, kuma ba abu ne da allura ɗaya za ta raba shi da shi ba. Ya ba ni maganin ƙaiƙayi na ruwa, ya ce in ajiye kusa. Ya ce in har na ga numfashin yaron ya sauya, kada in tsaya neman mayafi, in kawo shi. Sannan ya ce, kamar mai faɗin ƙaramin abu, "Ki dai raba shi da gyaɗa da duk danginta."

Na tabbata likitan nan bai taɓa shiga madafi ba. A ƙasar Hausa a ce ka guji gyaɗa, ai kamar a ce ka ratsa kasuwa kada kowa ya goge ka ne. Tana cikin man da aka toya ƙosai. Tana cikin yajin tsire. Tana cikin miyar taushe, da kwaɗon zogale, da alawar da baƙuwa za ta zaro daga jaka ta cusa wa yaro a hannu tun ba ta gama sallama ba. Injin markaɗen unguwa ma ba ya rantsuwa: wadda ta riga ki a layi gyaɗa ta kawo, ke kuma aka zuba miki tumatur a kai. Daga ranar na koma mai sansanar komai. Na sayi nawa ɗan injin, na raba cokulansa da na kowa, na samo kwalbar soyayyar gyaɗa ina nuna masa daga nesa ina cewa, "Ka ga wannan? Gyaɗa ce. Ba ka ci, ko wa ya ba ka." Har ya iya. In aka miƙa masa abu sai ya noƙe kafaɗa ya ce, "Akwai gyaɗa?" Mutane su yi ta dariya, ni kuwa ba na yi.

Yana gab da shekara huɗu maigida ya samu aiki a wani kamfanin casar shinkafa, muka tattaro muka dawo Birnin Kebbi, muka kama gida a Badariya. Shi ya dawo gida ke nan, ni kuwa baƙuwa. Hausa ce dai, amma sai na kasa kunne sosai kafin in kama bakin zaren, musamman in tsofaffi suka haɗu. Abu na farko da na yi a sabon gidan shi ne hana 'yan talla shigowa, ko me suka ɗauko. Tun daga zaure nake ce musu ba a saye. A kasuwa in na hango masu gyaɗa sai in sauya layi. Ba a yi nisa ba matan unguwa suka laƙaba min 'yar sandan tukunya, don in aka aiko mana da abinci sai na bi 'yar aiken har gida na tambayi da wane mai aka yi. Wasu suka daina aikowa. Na ji zafi, amma na fi samun barci.

Argungu ce ta gagare ni.

A can Inna take, surukata, a babban gida na gado da ke gangaren gulbi, inda ƙamshin bandar kifi ke tarbar mutum tun daga bakin lungu. Mace ce 'yar siririya mai kaifin ido, ba ta da yawan magana sai da jikokinta. Kusan duk ƙarshen mako muna can. Da mun isa maigida zai gaishe ta ya fice wajen maza. Ni kuma in durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, kaina a ƙasa, in gaishe ta, in koma sashen matan gidan mu kama tuƙin tuwon shinkafa. Ban taɓa wuce dokin ƙofar nan ba. Ba a hana ni ba, amma kowa ya san inda suruka take tsayawa. Shi kuwa yaron da gudu yake faɗawa ciki, a saki labule, sai dai in riƙa jin dariyarsu. Abin da ke faruwa a bayan labulen nan shi ne kaɗai abin da hancina bai kai ba.

Na so maigida ya yi mata bayanin ciwon da kansa. Ya ce, "Haba, ni in zauna gaban Inna ina zancen ɗan fari? Ke dai ki faɗa mata, ku mata kun fi kusa." Kamar ni ba ɗan farina ba ne. Haka na daure ranar zuwanmu na farko, ina durƙushe, muryata kamar ta mai roƙon gishiri, na ce, "Inna, yaron nan likita ya hana shi gyaɗa. Tana kumbura shi."

Ta ce, "Gyaɗa? Wagga ta kwalabe da kuke ci can gabas? Ai mu ba mu da ta nan gidan ga." Sannan ta ce, "Gujiya hwa?"

Na ce, "Gujiya ba ta da laifi, Inna. Yana ci."

Gaskiya na faɗa. A Zariya ya sha cin dafaffiyar gujiya, wadda wasu ke ce wa gurjiya, mai ƙwaya ɗaya kamar ɗan dutse, ko tari bai taɓa yi ba. Na tashi daga bakin ƙofar ina jin na sauke kaya.

A hanyar komawa ya fara sosa wuya. Kafin mu shiga Badariya borin jini ya feso masa har bayan kunne. Na ba shi magani, ya lafa. Na ce wataƙila man da aka soya kifi ne. Zuwa na gaba na tafi da man ja na kaina, na ce tsaraba ce, na tsaya a kan kaskon har aka sauke. Muka dawo, ya sosa. Na ce to yaji ne. Na bi na ɗauke kwanon yaji daga inda yara ke kai hannu. Na ce turmi ne, na wanke turmin gidan da ruwan zafi, matan gidan suna kallona suna taɓe baki. Na zargi daddawa. Na zargi furar da ake damawa da rana. Na zargi yaran gidan, na riƙa buɗe musu tafin hannu da sunan wasa ina sansanawa. Abin da ya fi haukata ni shi ne ba kullum ba ne. Wani zuwan mu dawo fes, har in ce na gano ɓarawon, wani zuwan kuma abu ya dawo sabo.

Duk dawowa sai na titsiye shi. "Me ka ci a ɗakin Kaka?"

"Dabino."

"Sai me?"

"Gujiya. Da rake."

"Ba gyaɗa?"

Sai ya zaro ido, ya ji haushin an raina masa hankali. "Ai ba na cin gyaɗa!"

Daga nan na fara tafiya da abincinsa a kula. Na san abin da hakan ke nufi a gidan surukai, amma na rufe ido. Inna ta dubi kular, ta dube ni, ta ce, "Abincinmu na da dahi, ko?" Na ce a'a, wallahi, yaron ne mai tsirfa. Ta ce, "Uhm." Wannan "uhm" ɗin ya bi ni har Birnin Kebbi.

Su ma fa suna da nasu zaton. Wata ta ce iskar gulbi ce ba ta karɓe shi ba. Wata ta ce baki ne, yaro ya cika farin jini. Inna ta sa aka yi masa rubutu, na karɓa na gode, na tsaya sai da na tambayi ko da me aka wanke allon. Amma babban zaton, wanda ba a faɗa a gabana sai dai in tsinta a gefen magana, shi ne wai ni na ƙirƙiri ciwon. Wai 'yar boko ce daga gabas, ba ta son ɗanta ya saba da dangin ubansa, shi ya sa duk zuwa sai ta koma ta ce ya yi kaza. Ai su ba su taɓa ganin kumburin ba. Lafiya lau yake barin gidan. Kuma Inna ta riga ta furta buƙatarta: in an yi hutun makaranta a bar mata mijinta ya kwana biyu a ɗakinta, kamar yadda sauran jikoki ke yi. Wannan hakkinta ne, ba wanda zai ce ba haka ba. Hutu ya zo na ce mura yake yi. Wani ya zo na ce akwai haddar Islamiyya. Dabaruna suna ƙarewa, ita ma ta san suna ƙarewa.

Wata rana muna tsince shinkafa, wata tsohuwa da ke shigowa gidan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Dauri in yaro na ƙin abu, ba shi akai kaɗan-kaɗan har jiki shi saba. Yanzu ko sai a ce likita." Matan suka yi dariya. Na ɗaga kai na dubi labulen ɗakin Inna, ina jin muryar yaron a ciki yana ba ta labari. Daga ranar zargina ya bar turmi da kasko, ya koma kan mutum. Na ce a raina: ashe magani ake yi min a ɓoye. Ana ba shi kaɗan-kaɗan, an kuma koya masa ya ce bai ci ba.

Na gwada taɓa maganar da maigida. Ban ma kai ƙarshe ba ya ɗaga hannu. "Kada ki sa Inna cikin wannan. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya." Na ce, "Ruwa dai ba ya tsami banza." Ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Haka yake yi in magana ta zo kan mahaifiyarsa da ɗansa a lokaci guda. Ban sake zama na lissafa masa abin da yaron ke ci a can ba, tunda ba ya son ji.

Ba na jin kunyar faɗi: na zama mai laɓe. In sun shiga ɗaki sai in ƙirƙiri shanya a igiyar da ke kusa da tagarta. Na riƙa jin ƙas, ƙas, ana ɓare wani abu, tana cewa, "Buɗe baki, mijina." Na leƙa ta gefen labule, ba na ganin komai sai bayanta. Da ya fito na ja shi bayan rumbu na ce ya hura min iska. Ƙamshin dabino ya rufe komai. Har na fara zargin dabinon ma don ni ake ba shi.

Sai ranar da abin ya wuce sosa. Da rani ne, bayan la'asar, mun baro Argungu da kaɗan. Yana bayan mota yana wasa, sai na ji ya yi tari wani iri, busasshe. Na waiwaya. Leɓɓansa sun yi suntum, idonsa ɗaya ya kusa rufewa. Ya ce, "Mama," sai na ji muryar ba tasa ba ce, ta shaƙe kamar ta tsoho. Ban san lokacin da na tsallaka baya ba. Na ɗura masa maganin, rabi ya zube a rigata. Ina jin numfashinsa yana fita da ƙyar, da wani ɗan fito a ciki. Ranar na manta da wata kunyar ɗan fari, na dinga kiran sunansa da ƙarfi a gaban ubansa. Maigida ya ƙara taka mota. Hanyar nan da na sani kamar tafin hannuna, ranar ta ƙi ƙarewa.

A asibiti aka yi masa allura, aka sa masa abin shaƙar iska. A hankali fiton ya tsaya, ya yi barci. Likitar da ta duba shi ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya, yaron nan gyaɗa ya ci, kuma ba gogar cokali ba ce, ci ya yi. Ku nemo inda take shigowa. Ba kullum ake isowa a kan lokaci ba." Na ce mata ni ma neman da nake yi ke nan.

Bayan an sallamo mu ina wankin kayan da ya sa ranar, na zura hannu a aljihun wandonsa kamar yadda na saba, don yana tara duwatsu da murafen kwalba. Sai na zaro ɓawo. Rabin ɓawon gyaɗa, mai ɗaki biyu, da ɗan baƙi-baƙin suya a gefe. Na tsaya da shi a tafin hannu, kumfa na ɗiga. Na kira shi na ce, "Mene ne wannan?"

Ya yi murmushi ya miƙo hannu. "Jirgina ne! Kaka ta yi min. Muna sa shi a ruwan buta ya yi ta yawo."

Na janye hannuna. Ban ƙara tambayarsa komai ba, don a ganina ba sauran tambaya. Na yi gaskiya ke nan. Wallahi na so a ce ban yi ba.

Da maigida ya dawo na ajiye masa ɓawon a kan faifan abincinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Zan yi mata magana." Juma'a ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, bai yi ba. Sai ga saƙo daga Argungu: Inna na tambaya ko lafiya ba a kawo mata mijinta ba, kuma ta ji an kusa hutu, ta sa an gyara masa shimfiɗa. Ashe ko labarin asibitin bai kai mata ba, wai kada hankalinta ya tashi. Na ce masa, "Ko ka kai ni, ko in shiga motar haya." Ya ga idona, ya ɗauko makulli.

Da muka isa Argungu na bar su shi da yaron a zaure, na ce kada ya sake shi. Na ƙulle ɓawon a bakin mayafina. Tun a hanya na shirya maganganu, masu ladabi da marasa ladabi. Na isa bakin ƙofar, na durƙusa, na gaishe ta. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba: na cire takalmi na shiga. Ɗaki ne ƙarami, mai tsabta, da gadon ƙarfe da jeren kwanoni. A gefen gadon ga wata 'yar katifa sabuwa, an lulluɓe ta da zane. Inna ta bi ni da kallo.

Na kwance mayafi na ajiye ɓawon a gabanta. Na ce, "Inna, yaron nan ya kusa mutuwa a hanya ranar da muka bar nan. Wannan na samu a aljihunsa."

Ta dafe ƙirji. "Mutuwa? Wane yaro? Mi ya same shi? Don mi ba a hwaɗa min ba?"

"Gyaɗa ya ci, Inna. Na roƙe ki tun ranar farko."

Ta ɗauki ɓawon ta juya shi, ta dube ni kamar na zauce. Na zuba ido in ga inda ƙarya za ta ɓullo, don na shirya mata. Ba ta ɓullo ba. Abin da na gani a fuskarta ruɗewa ce tsantsa.

Ta ce, "Wanga? Ai gujiya ta. Ke da bakinki kinka ce gujiya ba ta da laihi."

Na ce, "Wannan gyaɗa ce."

"Gujiya ta, ɗiyata. Ta tudun Augie, ƙanena ka aiko min. Da damina in dahwa mai, da rani in soya. Gyaɗarku ta kwalba ko da wasa ban bari ta shigo ɗakin ga ba. Har wata ta kawo, nis sa anka maida."

Ta jawo wani ɗan kwando daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Ga ta nan, cike, abin da na yi shekaru ina gudu, a ƙarƙashin gadon da ɗana ke birgima. Na ja da baya kamar na ga kunama. Na ce, "To ita mai ƙwaya ɗaya, mai tauri, wadda ake dafawa da gishiri?"

Ta ce, "Ƙwaruru?"

Ban taɓa jin kalmar ba. Ta ina zan ji? Na kori 'yan talla, na ƙaurace wa layin masu gyaɗa. Abin da na fi tsoro a duniya, ban san sunansa a garin da nake zaune ba.

Inna ta ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ta yi ba, ta kira ɗanta. Ya shigo ya tsuguna, ya bar yaron a hannun wani ƙaninsa da ke gidan. Ta nuna kwandon ta ce, "Kai, ƙaƙa aka ce ma wagga can inda kunka zamna?"

Ya ce, "Gyaɗa."

"Ƙwaruru hwa?"

Ya buɗe baki, sai ya tsaya. Na ga lokacin da abin ya sauka a kansa. A hankali ya ce, "Gujiya."

Mutum ɗaya ne a duniyar nan tamu da ya san kalmomin duka biyu, ya girma da ɗaya, ya yi aure da ɗaya. Da ya zauna sau ɗaya ya yi zancen ɗansa da mahaifiyarsa, ko ya bari na gama lissafa masa abin da yaron ke ci, da numfashi ɗaya zai warware. Amma kunya ba ta bari ba. Na dube shi, duk maganganun da na shirya wa tsohuwa suka juya suna neman kansa. Na haɗiye su, na bari sai mun koma gida. Can kam ban haɗiye ba.

Inna ba ta kula mu ba. Hannunta take kallo, na dama, ta buɗe shi a kan cinya. Ta ce, "Ni ka ɓare mai. Ni ka zaɓen manya-manya in sa mai baki. In ya sosa leɓo in ce gishiri na." Ta ɗaga hannun. "Da hannun ga." Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi min sauƙi. Na ce, "Inna, ai ni na ce miki ba ta da laifi." Ko ta ji, ba ta nuna ba. Ta tura kwandon da ƙafa ta ce a fitar da shi daga gidan, a share ɗakin, a wanke tabarma. Sannan ta ce min, "Daga yau in batun yaron ga na, ki ɗaga kai ki dube ni. Ki hwaɗi da ƙarhi, ki nuna min da hannu. Kunya ta kusa kashe min miji."

Ba zan ce na yi nadamar zargi ba. Zargi ne ya raya min ɗa a ƙasar da gyaɗa ke cikin komai, kuma har gobe in aka miƙo masa abu sai na sansana. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, duk tsawon lokacin nan mu biyu muna gadin ƙofa ɗaya, kowa na hararar ɗaya, abin kuwa yana wucewa ta tsakaninmu da izinin kowa.

Da hutu ya zo ban jira an aiko ba. Na haɗa masa kaya a 'yar jaka, na sa maganinsa a sama, na koya wa ƙanin maigida abin da zai yi in ya ga alama, na tabbatar akwai mota a kusa. Ban yi barcin kirki ba a makon, amma na ƙudura. Muka je. Na shiga ɗakin, na ɗaga kai kamar yadda ta ce, na ajiye jakar a kan 'yar katifar nan. Na ce, "Inna, ga mijinki na kawo miki. Sai hutu ya ƙare."

Yaron ya riga ya haye gado yana tsalle. Ta dube shi, ta daɗe. Sannan ta ɗauki jakar ta miƙo min.

"Tahi da shi."

Na ce, "Inna, wallahi da zuciya ɗaya na kawo shi."

"Na sani. Ba ke ba ta." Ta sa hannuwanta biyu a ƙarƙashin zane. "Ke kin san abin da kike tsoro. Ni yanzu komi nid ɗauka sai in ji ban san sunanshi ba. In ya tashi cikin dare yac ce yunwa, mi za ni ba shi?"

Na roƙe ta. Ni da na ƙare dabara wajen hana shi kwana, na durƙusa ina roƙo a karɓe shi. Ɗanta ma ya sa baki, a karo na farko. Ta ce a'a, a dai riƙa kawo shi da rana, uwarsa na kusa.

Haka aka ci gaba. Muna zuwa, yana faɗawa ɗakinta da gudu, amma ta sa an ɗage labulen, ba a ƙara sakinsa ba. Duk abin da za ta ba shi sai ta ɗora a faifai ta kira ni daga bakin murhu. Ta nuna da yatsa ta ce, "Ƙaƙa kuke ce ma wanga garinku?" Goruba, aduwa, rake, har dabinon da ya shekara yana ci a hannunta. In na faɗa, ta maimaita, sannan ta tura masa faifan ya ɗauka da kansa. Ba ta ƙara sa masa komai a baki ba. Matan gidan suna yi mana dariya, wai an samu 'yan sanda biyu.

'Yar katifar nan ta daɗe a gefen gadonta da zanenta a kai. Sauran jikoki sun kwana a ɗakin, amma ba a kanta ba. Duk hutu sai na tambaya, duk hutu sai ta ce, "Bari dai shi ƙara girma." Ya ƙara girman, ya iya karanta bayan kwali, ya san gyaɗa da gujiya da ƙwaruru, ya san wanne ne wanne a bakin wa. Har Allah ya karɓi abarsa bai kwana a ɗakinta ba, kuma ba ni na hana ba.